Golf a Kan Rairayi: Me Ɗan Bomo Zai Tarar a Filin Zariya?

Idan aka ambaci golf a teburin mai shayi a Bomo ko a bakin kasuwar Samaru, hoto ɗaya ne ke faɗo wa mutane: ciyawa shar wadda ba ta san rani ba, tafkunan da aka haƙa don ado, da manyan mutane suna yawo a 'yan motocin batir. Ba laifinsu ba ne, abin da talabijin ke nunawa ke nan, kuma akwai irinsa a ƙasar nan, a filin IBB na Abuja da kulob ɗin Ikoyi na Legas. Sai dai akwai wani golf ɗin da ya daɗe a Arewa tun Abuja ba ta zama birni ba, na ƙura da rairayi da tafiyar ƙafa, kuma ba shi da nisa da mu. Wanda ya hau mota daga Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila zuwa PZ, gefen unguwar GRA yake ratsawa, inda Zariya ke da nata filin golf da na ƙwallon dawaki tun zamanin Turawa. Masu bugawa a irin wannan fili suna cewa araha ne. Tambayar ita ce araha ga wa, kuma me mutum ke samu idan ya shiga.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Ƙwallo ce ƙarama mai tauri, nauyinta bai kai giram 46 ba, ana bugunta da sanda daga wurin farawa har ta faɗa ramin da faɗinsa milimita 108 ne. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, wani tazararsa mita ɗari da 'yan kai, wani ya haura mita 450. Kowane rami an ƙayyade masa bugun da ake tsammanin gwani ya gama da shi, 3 ko 4 ko 5, jimilla 72 a yawancin filaye, kuma mai ƙarancin bugu shi ya ci. Doka ba ta yarda a ɗauki sanda fiye da 14 ba. A wasan yau da kullum babu alƙali, kowa shi ke ƙirga nasa, har da tarar da ya jawo wa kansa inda babu mai gani. Akwai kuma tsarin rangwame da 'yan wasa ke kira handikaf: ana yafe wa mai rauni wasu bugu gwargwadon rauninsa, har zuwa 54 a tsarin bai-ɗaya da duniya ta koma kansa a 2020. Da wannan ne dattijo ɗan shekara saba'in ke karawa da saurayi, kowa da damar ci. Ƙwallon ƙafa ba ta da wannan.

Dalilin da ya sa filayen golf na garuruwanmu suke zaune a inda suke yana cikin tarihin mulkin mallaka, kuma ya kamata a san shi, don har yau yana aiki a zukatan mutane. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, Turawa suka keɓe tasu unguwar. Ƙa'idar tsara garuruwa ta zamanin Gwamna Lugga ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440, kimanin mita 400, ba gini a cikinsa, tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya kwaso musu zazzaɓi. A garuruwa da dama irin wannan fegin ne aka mayar filin sukuwa ko na ƙwallon dawaki ko na golf. Wato tun daga tushe filin katanga ne wadda ba a gina da ƙasa ba. Turawa sun tafi tun 1960, kulob-kulob suka koma hannun hafsoshin soja da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman jami'a, amma talaka bai taɓa jin an ce masa shigo ba.

Abin da ya sa waɗannan filaye suka rayu, kuma suka kasance masu araha, dabara ce guda. A filin ciyawa, da'irar da ke kewaye da rami, wadda 'yan wasa ke kira girin, ita ce mai cin kuɗi. Ana aske ciyawarta kusan kullum har tsayinta ya koma 'yan milimita, ana ba ta ruwa da taki da maganin ƙwari, da inji na musamman da ƙwararren da ya san ciwonta. A ƙasar da ke shafe wata shida zuwa bakwai ba ɗigon ruwan sama wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai tsofaffin filayen Arewa, na Kano da Zariya da Rayfield ta Jos, suka taso a kan burawun: a daddaɓe ƙasa ta yi lif, a shimfiɗa rairayi mai laushi da aka tankaɗe, a cuɗa shi da mai, galibi baƙin man inji, don kada iska ta kwashe shi, kuma ƙwallo ta iya gangarawa. Ba ya shan ruwa, ba ya son taki, gara ba ta cinsa. Abin da yake buƙata mutum ne da majanyi, ƙarfe ko katako ko buhu, wanda zai share sawun ƙafa ya daidaita hanyar ƙwallo kafin a buga. Wasu kulob-kulob sun koma ciyawa daga baya, amma da rairayin aka san golf ɗin Arewa.

Akwai masu jin kunyar wannan, suna ganin golf ɗin talauci ne. Ban yarda da su ba. Filin Pinehurst mai lamba 2 a Amurka, wanda ya karɓi baƙuncin babbar gasar ƙasar a 1999 da 2005 da 2014 da 2024, a kan rairayi ake buga shi har zuwa 1935. Ƙauyukan Ostareliya har gobe cike suke da filayen rairayi. A kusa da Yamai, a gaɓar kogin Kwara, akwai filin Rio Bravo wanda kusan dukansa ƙasa ce da tsakuwa, ɗan wasa na yawo da guntun ciyawar roba yana ɗora ƙwallonsa a kai. A Sikotland ma, inda wasan ya samo asali har sarkinsu ya hana shi a 1457 don yana ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka, a kan tudun rairayin bakin teku aka fara shi, ƙasar da ba ta nomuwa, tumaki da zomaye ke aske ciyawar. Golf na asali na ƙasar da Allah ya ba mutum ne. Ciyawar da ake shayarwa da famfo daga baya ta zo.

Kuma rairayi yana da nasa ilimin. A kan ciyawa gwani na cilla ƙwallo sama ta sauko daf da rami ta cije. A burawun da'irar ƙarama ce, ƙasar da ke kewaye da ita kuwa da rani ta bushe ƙamas, in ƙwallo ta dira a waje sai ta yi tsalle ta wuce, in ta dira a ciki sai rairayi ya riƙe ta nan take. Don haka ɗan wasan Arewa yakan koyi bugun ƙasa-ƙasa, ya saukar da ƙwallo nesa ya bar ta ta gangaro, yana lissafin tudu da kwari da taurin ƙasa. Bugun ƙarshe kuma ba ya son sanyin hannu. Rairayi na rage gudu, ƙwallo ba ta cika karkacewa ba, sai a miƙe mata hanya a buga da ƙarfin zuciya. Da safe, lokacin da sanyi ya daskarar da man, nauyin wurin daban, da rana ta take kuma daban. Wanda ya saba da nan, ranar da ya fara zuwa filin ciyawa yakan wuce rami da nisa, kamar yadda baƙo daga Abuja kan yi ta barin tasa a rabin hanya. Aibin burawun ɗaya ne wanda bai kamata a ɓoye ba: baƙin mai guba ne ga ƙasa, ruwan sama na wanke shi zuwa rafi. A wasu ƙasashe an koma man tsirrai, kuma a garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya kai 1922, ba za a rasa masu iya gwada wane mai ne zai yi aikin ba tare da ɓarna ba.

Fili ɗaya ne, amma damina da rani suna mayar da shi biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ciyawa ta bushe ta yi ja, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo na ƙara gudu bayan ta sauka har mai ƙaramin ƙarfi ya ji shi ma ya kai. Hazo kan ɓoye tutar rami, sanyin asuba kan sa ƙarfen sanda ya yi wa tafin hannu zafi in bugu ya kuskure. Maris da Afrilu sai mai haƙuri, shi ma da sassafe ko bayan la'asar. Da ruwa ya zauna a Yuni, komai ya yi kore, fili ya yi kyan da ba ya yi a sauran shekara, amma a lokacin ne wahalar kulob mai ƙaramin ƙarfi ke bayyana. Ciyawa na girma fiye da yadda tarakta ɗaya da 'yan adda za su iya bi, dizal ya yi tsada, ƙwallon da ta kauce taku goma daga tsakiya ta shige duhuwa. Doka tun 2019 minti uku kawai ta ba mutum ya nemi ƙwallonsa, in bai gani ba ya ci tara ya koma inda ya bugo. A Agusta sabon ɗan wasa na iya zubar da ƙwallayen da kuɗinsu ya fi na shiga fili. Hadari kuwa ba a wasa da shi, mai riƙe da ƙarfe a tsakiyar fili ya nemi mafaka tun walƙiyar farko, kuma ba gindin bishiya ba.

Irin waɗannan filaye ba su da cikakken shinge. Akwai hanyar ƙafa da ta ratsa, akwai mai babur da ke yanke, wani lokaci akwai shanu. 'Yan wasa na ƙorafi a kan haka, kuma suna da hujja, domin ƙwallon golf na iya fasa kan mutum. Amma fili mafi daraja a duniya, tsohon filin St Andrews, wanda a can ne aka tsayar da ramuka 18 a 1764, ƙasar jama'ar gari ce, kuma yawancin ranakun Lahadi rufe wasa ake yi mutane su shigo su sha iska da iyalansu. Filin da maƙwabta ke amfana da shi ya fi samun masu kare shi.

To, maganar kuɗi. Gaskiya ne abin da ake biya a shiga fili irin na Zariya bai kama ƙafar na Abuja ko Legas ba, haka ma kuɗin zama ɗan kulob. Amma kuɗin ƙofa shi ne ƙarami a lissafin. Sanda da ƙwallo da safar hannu duk daga waje suke zuwa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashinsu ya bi dala. Mai hankali ba ya fara da sabuwar jaka. Sanduna shida ko bakwai na gwanjo sun ishe shi shekara biyu, da yawa kuma daga hannun wani ɗan kulob da ya sake nasa ake samunsu, ko aro. Ƙwallo ma akwai ta hannu, wadda yara ke tsintowa a ciyawa su wanke su sayar. Sai sufuri. Daga Bomo sai an fito Samaru, a kama hanyar da ta haura kilomita goma kafin a kai GRA, da jaka mai tsawo da ba ta zama a kan acaɓa cikin daɗi, ga fetur da ya ninka tun cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023. Sai lokaci, wanda ya fi duka tsada. Ramuka 18 awa huɗu ne, tafiyar kusan kilomita takwas zuwa goma. Malamin jami'a ko ma'aikacin asibitin Shika zai iya ware safiyar Asabar. Manomin rani da ke ban-ruwan tumatir da albasa a fadamar Bomo, ko mai shago a kasuwar Sabon Gari, safiyarsa ita ce jarinsa. Mafita a nan ramuka tara ne, awa biyu tsakanin la'asar da magariba, kuma kulob ɗin da ke son sababbin fuskoki ya kamata ya sa musu farashi na daban mai sauƙi.

Saboda haka idan ɗan wasa ya ce filin araha ne, gaskiya ya faɗa, amma araha ce ta mai albashi. Ga mai albashin kuwa ribar ba kaɗan ba ce. Mutumin da likita ya ce masa hawan jini ko sukari ya kama shi, ya riƙa tafiya, ba kasafai yake jure zagayen unguwa ba, sati biyu ya gaji. Amma in ƙwallo na gabansa zai taka kilomita takwas a inuwar maɗaci da dalbejiya bai sani ba, yana hira, wayarsa na cikin jaka. Ban san wani wasa da mai shekara sittin zai fara yau kuma ya ci gaba da shi shekara ashirin ba, in ba wannan ba.

Akwai mutum ɗaya a filin da ba ya biyan ko sisi, kuma sau da yawa ya fi kowa iya wasan. Shi ne kadi, yaron da ke ɗaukar jaka. Shi ya san inda ƙasa ta karkata, shi ke bin ƙwallo da ido cikin hazo, shi ke jan majanyi a burawun, shi ke cewa, “Yallaɓai, ajiye wannan, ɗauki lamba bakwai, iska na gabanmu.” Sabon ɗan wasa, ko farfesa ne, ɗalibin wannan yaro ne a watanninsa na farko, kuma mai hankali ya san haka. Kadi na koyon bugu da tsohuwar sanda ɗaya da wani ya yar, ko da ƙarfen rodi da aka lanƙwasa, a bayan idon masu kulob. Yawancin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya masu cin abinci da wasan daga nan suka fito. Haka abin yake a duniya: Seve Ballesteros na Sifen da ɗaukar jaka ya fara, yana koyon kowane irin bugu da sanda guda a bakin teku, Angel Cabrera na Ajantina ma kadi ne tun yana yaro kafin ya ci babbar gasar Amurka a 2007 da ta Masters a 2009. Ni a wurina da wannan ake auna kulob: ko yana biyan kadi hakkinsa ba tare da ya roƙa ba, ko ya ware masa ranar da zai buga fili a sarari, ko ya damu da cewa yaron na zuwa makaranta. Arahar da ɗan wasa ke jin daɗinta, wani ɓangarenta daga arahar gumin wannan yaro take fitowa, kuma bai halatta a manta da haka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasanni uku daga cikin waɗanda Turawa suka bari a Arewa: biyu sun zama namu, ɗaya ya ƙi. Ƙwallon dawaki ta samu Sarkin Katsina Muhammadu Dikko tun shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake kwatance da shi, yau kuwa in ana gasa a Zariya ko Katsina ko Kano har da makaɗa da maroƙa. Wasan fayif, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya shiga ta Kwalejin Katsina, Sardauna ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, ya bazu a makarantu da garuruwa. Ƙwallon dawaki ta fi golf tsada nesa ba kusa ba, doki ɗaya da abincinsa sun fi jakar sanduna, don haka ba kuɗi ne kaɗai dalili ba. Waɗancan biyun sun samu masu gida da suka fito da su bainar jama'a. Golf ya zauna a bayan kulob, kuma kulob a idon mutanenmu wurin shan giya ne. Wannan zato yana da tushe, domin mashaya na cikin ginin yawancin tsofaffin kulob-kulob, kuma akwai 'yan wasan da ba sa bugawa sai an sa kuɗi a kan kowane rami, wanda caca ce ko da me aka kira ta. Amma babu ɗayansu a cikin dokar wasa. Alhazai da malamai da yawa na bugawa, su yi sallarsu a gefen fili, su sha ruwa su tafi gida. Kulob ɗin da ya gyara wurin alwala da salla, ya raba wurin zaman iyali da mashaya, ya buɗe wa kansa ƙofar rabin gari. Mata kuwa, wasa ne da ba a cuɗanyar jiki, ba ya hana sutura, ga dubban ɗalibai da malamai mata a Samaru, amma ba a cika tunawa da su ba.

Haɗari biyu ke gaban irin wannan fili. Na farko ƙasa ce. Hekta masu yawa a tsakiyar gari, a lokacin da fuloti ke tsada, ba sa rasa masu kallonsu, kuma filin da mutane ɗari ko biyu kaɗai ke mora ba shi da mai yi masa kuka ranar da aka zo da ma'auni. Na biyu daga cikin gida yake, sha'awar a kwaikwayi Abuja. Duk sabon shugabancin kulob na son a ce a zamaninsa aka koma ciyawa. Amma Zariya gari ne da unguwanni da yawa suka daɗe suna dogara da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse. A zuƙo ruwan ƙasa a shayar da da'irori 18 tsawon wata shida na rani abu ne mai wuyar karewa a gaban maƙwabta, kuma kuɗinsa a kan 'yan wasa zai dawo: famfo, dizal ko sola, taki, inji, ma'aikata. Ranar da aka gama, kuɗin shiga ya ninka, malamin sakandare da ƙaramin hafsa da ɗan fansho su koma gida. In har za a sa ciyawa, a sa ta a wuraren farawa da ɗan fili guda na gwaji, da kiri-kiri, ciyawar da ke fitowa da kanta a ƙasarmu, wadda danginta ne ake shukawa a filayen golf na ƙasashe masu zafi.

Ga ɗan Bomo da ɗan Samaru kuwa, hanya mafi kusa ba lallai ta bi ta GRA ba. Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafa ta a 1962, tana da ƙasa mai faɗi da sashen koyar da wasanni da dubban matasa. Wurin koyon bugu bai wuce fili mai tsawon mita 250 ba, da burawun biyu ko uku, da sanduna talatin na gwanjo da tsofaffin 'yan wasa za su iya bayarwa kyauta, da tsohon kadi guda a matsayin mai koyarwa da albashinsa. Makarantun sakandaren Samaru da Bomo da Basawa za su iya kawo yara ranar wasanni. Waɗanda hannunsu ya faɗa sai kulob ɗin cikin gari ya karɓe su a farashin ɗalibi, ranakun Litinin zuwa Alhamis da safe, lokacin da yawancin 'yan kulob ke wurin aiki, fili na zaune ba kowa.